Ɗan'azumi Mai Gina wa Kifi Gidaje

Da an sallame sallar asuba, Ɗan'azumi zai rungumi tsohon tulu ya nufi tafkin Marke, can bayan Dogarawa. Ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya cika ƙirji da iska, ya nitse. A ƙasan ruwa yake jera tulunan, ya tokare su da duwatsu, don tarwaɗa da ƙarfasa su sami wurin ƙwai, ƙananan kuma su sami maɓoya. Tun bayan farin 1984, da tafkin ya ƙafe ya sake cika ba ko kifi ɗaya, yake wannan aiki. Ba wanda ya sa shi.

Da farko dariya aka yi masa. Matarsa Salamatu ma ba ta raga masa ba.

"Ɗakina na zuba tun bara, kai ko kana gina ma kihi gidaje!"

Sai ga shi ranar su, wato ranar da gari ke fita kamun kifi bayan an cire amfanin gona, taruna sun yi nauyi har ma'aikatan siminti na Malbaza suna zuwa sayen kifi. Daga nan duk matar da tulunta ya tsage sai ta aika gidansa. An ci, an yi gyatsa, amma ban ji wanda ya ce masa sannu ba.

Mu ne kuma muka kashe tafkin da hannunmu. Masu lambun albasa suka sare itatuwan gaɓa, rairayi ya yi ta gangarowa duk damina. Wasu marasa haƙuri, da suka ga ranar su ta yi musu nisa, suka tuttula maganin ƙwarin auduga a ruwa. Inusa masunci yana wurin washegari. Ya ce Ɗan'azumi ya wuni yana nitso, duk tulun da ya ɗago cike yake da matattun 'ya'yan kifi. Da ya gaji ya zauna a gaɓa yana kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Inusa," in ji shi, "ba kihin bana sunka kashe ba. Na baɗi sunka kashe."

Ya bi ofisoshin hukuma, buro-buro, yana roƙon a hana, ana ce masa ya dawo wani mako. Ruwan ya cinye masa kunne guda, idanunsa kullum jawur.

Ɗan'azumi, kai ne ka ga abin da ke ƙarƙashin ruwa, mu samansa kawai muka sani. Kai ne gatan marasa baki. Mun gode, ko da yake godiyar ta zo a makare, ni kaina kunya nake ji. Allah Ya saka maka. Ku kuma jama'a, mai iya dasa itace a gaɓa ya dasa, mai ganin ɓarna ya tsawata, in dai akwai sauran abin ceto.

Gaskiya ban ce akwai ba. Bana na bi shi tafkin. Ya yi ta tafiya har tsakiya, inda a da sai gwani ke taɓo ƙasa, ruwan bai wuce ƙugunsa ba. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi ruwan. Sannan dattijon ya durƙusa, don ruwan ya samu ya rufe kansa.