Limanci a Kan Ruwan Abhur

Gaskiya ɗaya ce, ba neman lada ya fara kai ni jirgin nan ba, soyayyen kifi ne. Wani maƙwabcina a unguwar Karantina, nan ƙasa mai tsarki, ya ce akwai ƙungiya mai fita da guragu da makafi shan iska a mashigin tekun Abhur duk Alhamis, suna neman masu tura keke, kuma ana cin abincin rana. Ni mutumin Damagaram ne, ruwan da na sani bai wuce na tafki ba, amma na ce a sa ni.

Jirgin faffaɗa ne, da katako da ake shimfiɗawa kekunan guragu su hau. Tun ranar farko na gane cikina da teku ba sa ga maciji. Kifin ma ban taɓa ci ya zauna ba.

Wata Alhamis aka kawo tsohon limamin unguwarmu. Shekara huɗu ke nan da ƙafafunsa suka shanye, kuma a karatunmu na zaune ba ya jan na tsaye salla. Tun daga nan ya koma ƙarshen sahu, bayan wanda shi ya koya wa Fatiha.

Da la'asar ta yi, ya dudduba fasinjoji ya ƙirga. Mutum shida ban da shi, duk a keke.

"Ɗana," ya ce mini, "kaf ɗinmu na zaune ne. Juya ni gabas."

Direban jirgin, wani Balarabe mai fushin banza, ya kashe inji ya nuna alƙibla. Na jera kekuna, Baba Liman ya kabbarta. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne jirgi ba ya tsayuwa wuri ɗaya. Kafin a gama raka'ar farko, jama'a sun ba alƙibla baya, suna fuskantar Sudan.

"Yalla, maza juya su," in ji direba cikin raɗa.

Na juya liman, na bi mamu ɗaya bayan ɗaya. Ina gama na ƙarshe, na farko ya karkace. Haka na yi ta zarya kamar mai ban ruwa a lambu, ga jiri, ga amai ya zo mini wuya. Shi kuwa tsohon nan, wallahi ina jin Baƙara ya ɗauko. A raka'a ta uku wani jirgin 'yan hutu ya wuce da gudu, igiyar ruwa ta ɗaga mu, keken liman ya kama hanyar teku, don na manta birki. Na faɗa na rungume taya, na kwanta a nan har aka sallame. Ko gezau bai yi ba.

Na tashi da niyyar in faɗa masa magana, tsufa ko ba tsufa ba, sai na ga gemunsa jiƙe da hawaye. Kunya ta kama ni, tausayi ya rufe ni.

"Ɗana, tambayi mai jirgi ko zai jira magariba."

"Baba, ka ga yadda na koma fa."

"Na gani, Allah ya yi maka albarka. Amma la'asar a ɓoye ake karatunta. Ina so in ji ko muryar tana nan."

Na fassara wa direba. Ya dubi agogo, ya dubi tsohon, ya ce halas, wato ya yarda. Ni kuma na bi kekunan nan bakwai na danne birkin kowanne, na nemi bokiti na zauna kusa da shi muna jiran rana ta faɗi.