Gyaran Da Ban Roƙa Ba

A kasuwar Tsafe, in ka sayi gero mai awo ya ƙara maka tafi ɗaya a kai, sai ka yi godiyar gyara. Shi ke nan gyaran da na sani, har ranar da na haifi ɗana na biyu a wani asibitin kuɗi a Gusau. Yaron ya zo da ƙaton kai irin na dangin ubansa, na ƙaru, aka ce sai ɗinki. Matar da ke ɗinkin tana ta zuba kamar mai kitso. Da ta gama ta cire safar hannu, ta yi wata dariya da har yau ban yafe ba.

"Na yi miki gyara," in ji ta. "Na ƙara matse wurin, maigida sai ya sa mani albarka."

Ba wanda ya tambaye ni. Ina kwance, ko ɗaga kai ba na iyawa.

Na tafi wanka gidanmu a Bungudu. Aka yi arba'in, zafin bai tafi ba. Zama a kujera azaba, hawa babur kuwa sai na cije leɓe. Da na koma ɗakina, motsin mijina kawai in na ji a bakin ƙofa sai gabana ya faɗi. Na tsane shi, don wa zai nemi wannan abu in ba shi ba? Ya rantse yana wurin mai shayi neman ruwan zafi lokacin da aka yi. Ban yarda ba. Muka zama baƙin juna a gida ɗaya, har ya fara zancen ko in koma Bungudu in huta.

Ana haka yayata ta kawo ziyara, wadda ta raka ni haihuwar. Ta ajiye ƙullin daddawa, ta matso tana murmushi, ta rage murya.

"To, ya aiki? Ni fa na ja matar nan gehe, na ce ta kyauta miki. Haka anka yi ma ɗiyar maƙwabciyata, ga ta nan ras."

Na dube ta. Wannan ce ta goya ni ina ƙarama.

"Yaya, jikin wa?"

"Ke dai ba ki da godiya. Mi na yi miki in ba alheri ba?"

Wata likita ce daga baya ta duba ni, ta girgiza kai, ta ce sai an sake yankawa a saki wurin. Mijina ya kai ni, ya zauna a benci kansa a sunkuye har aka fito da ni.

Da cikina na uku ya tsufa, Yaya ta aiko cewa ta haɗa jakarta, a kira ta da naƙuda ta fara. A bakin maƙwabta ta ji an yi suna.