Ranar da Makaɗina Bai Iso Damari Ba

Lokacin samartakata ni ɗan kokawa ne a wani ƙauye kusa da Ƙetare. Wanda ya gan ni yau a kasuwar Ƙanƙara, zaune bisa buhun masara da tumbi a gaba, ba zai yarda ba, amma a wancan zamani ba a taɓa kai bayana ƙasa ba. Ina da makaɗi da muke kira Baba, dattijo ne mai barkwanci, shi ya yi mini take nawa na kaina. Da ya ɗora hannu a ganga sai tsigar jikina ta tashi, in ji ko bijimi aka sako mini zan rungume shi. Ban taɓa shiga fage ba tare da shi ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Kuskurena ke nan.

Wata kaka aka gayyace mu wasa Damari, ta wajen Sabuwa. Mu muka yi gaba a mota, makaɗina ya ce zai biyo mu a babur. Ashe bayan ya wuce Faskari sarƙar babur ɗin ta tsinke. La'asar ta yi, fage ya cika, aka fito mini da abokin karo, wani siriri wanda da a gida ne ko walki ba zan ɗaura dominsa ba. Makaɗan garin suka saki takensa, jama'a suka ɗauki ihu. Ni kuwa ina tsaye ina leƙen hanya. 'Yan garinmu suna cewa in shiga, ina cewa a ɗan jira. Wani tsoho daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya tambaya ko amarya nake jira, aka fashe da dariya. Na shiga, amma gangar jikina kaɗai ta shiga, zuciyata tana kan hanyar Faskari. Muka kama. Ya taɗe ni, sai ga ni ina kallon sama. Ban gama kakkaɓe ƙasa ba makaɗina ya iso, yana tura babur da ganga a rataye, yana tambayar wa na kayar.

Kunya ta hana ni fita, har na yanke shawarar barin kokawa. Kawuna, wanda shi ma ya yi ta a zamaninsa, ya same ni a zaure yana murmushi. Ya ce shi fa ta'aziyya ya zo, don ya ji labarin ashe duk shekarun nan ganga ce ke kayar da mutane, ni ɗan rakiya ne. Na fara kawo uzurin babur, ya ce Allah ya ba ni ƙarfi, amma na ɗauki zuciyata na ba wani ajiya, kuma mai ajiya a hannun wani dole ya jira a kawo masa.

Maganin da ya yi mini har yau in na tuna sai na yi dariya. Ya sa muka riƙa atisaye a bayan gari ba kiɗa ba kirari. Da na fara sabawa, sai ya kira makaɗina ya sa shi ya riƙa kaɗa taken wancan siririn, abokaina kuma suna yi mini ba'a, suna kirana angon Damari. Da farko raina yakan ɓaci in yi garaje a kayar da ni. A hankali na koyi sauke numfashi, in zuba wa ƙugun abokin karo ido, in bar kunnena ya ji abin da ya ga dama.

Da kaka ta zagayo muka koma Damari. Wannan karon makaɗina tun da safe ya iso. Na ce masa Baba ya ajiye gangar ya zauna ya yi kallo. Ya ɓata rai, ya ce wato an sallame shi ke nan. Aka saki taken siriri, tsohon nan ya sake tambayar ko amarya ta iso. Na yi masa murmushi. Mun daɗe muna ja, don yaron ya iya, amma daga ƙarshe na ɗaga shi na ajiye. Sai a lokacin Baba ya zabura ya saki takena, ban kuwa taɓa jin daɗinsa kamar ranar ba.

Yau a kasuwa dillalai kan yi mini kirari, Alhaji kaza Alhaji kaza, in sun so in saya da tsada, wasu kuma su kushe kayana in sun so in karyar. Duka ganga ce, nakan zura hannu cikin buhu in duba ƙwayar. Ku matasa masu wasa, ko kokawa ce ko ƙwallo, ku ji daɗin tafi in an yi muku, amma kada ku jingina da shi. Ku saba da yi ba mai yabo, ku saba da yi ana yi muku ihu. Ranar da kuka fi bukatar makaɗi, ranar sarƙarsa ke tsinkewa.