Hoton Gidan Katako da Na Aika wa Baba

Ni mutum ne da hoto ke karɓa, wannan ban taɓa ɓoye shi ba. Tun ina makarantar koyon sana'a na san yadda zan ɗan karkata kafaɗa, in ɗaga haɓa, in saki murmushin da bai kai dariya ba. To da wannan ilimin na tafi Jamus, kuma shi ya jawo mini abin da zan ba da labari.

Lokacin shekarata uku a Doha, ina gyaran manyan janareto a Sanaiya, unguwar masana'antu. Mu huɗu ne a wani tsohon gida a unguwar Bin Omran, duk 'yan Arewa: direbobi biyu, da ni, da wani dattijo Basakkwace mai gadi wanda muke kira Malam. Kamfaninmu ya sayo sababbin injina, aka ce za a tura mutum biyu su yi kwas na mako uku a Jamus, inda ake ƙera su, sunana ya fito. Ranar 'yan gidan suka ɗaga ni daga makaniki zuwa Injiniya, ni kuwa ban hana ba.

Na sayi katin waya na kira gida. Mahaifina magini ne a Zariya, irin na da, mai tubali da azara da makuba. Akwai soraye a cikin birni da har yau in ka shiga ka ɗaga kai, ɗaurin gugansa za ka gani. A shekarun nan ya bar hawa gini saboda ciwon yana ya fara rufe masa ido, hagu ya riga ya tafi, dama ke ɗan taɓawa. Da na gaya masa inda za ni, bai ce in sayo masa riga ko agogo ba.

"An ce suna da gidajen katako da ƙasa, hawa uku, hawa huɗu, sun fi kakan kakanka shekaru kuma ana kwana ciki," in ji shi. "Ka ɗauko mini hotonsu. Ina son in ga yadda suka haɗa itacen, tun wannan idon na aiki."

Na ce, "Baba, an gama."

Kuma na yi iya yina, Allah ne shaida. Na sayi kyamara da fim uku. Duk Asabar da Lahadi ina cikin jirgin ƙasa. Na je Goslar, na je Quedlinburg, garuruwan da titunansu duwatsu ne jere, gidaje sun sunkuyo wa juna kamar tsofaffi masu gulma, kowanne da baƙin katako giciye a jikin farin bango. Na hau wani tudu mai tsohuwar fada, na leƙa dandalin kasuwa, na tsaya gaban wani coci da sai da wuyana ya yi ciwo kafin in ga ƙarshen hasumiyarsa. Duk inda na ga gini mai kyau sai in tare wani mai wucewa, in miƙa masa kyamara, in gyara zaman kwat ɗina, in tsaya. Na dawo Doha da fim uku cike, ina jin babu ɗan da ya kai ni cika alkawari.

Wani Ba'indiye mai shagon hoto a bayan layinmu ya wanke mini su. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka zauna cin shinkafa a tire ɗaya, na fito da ambulan na baza. Direbobin nan suka yi ta santi. Wannan ya ce na yi kama da ɗan ƙwallo, wancan ya ce wallahi in ya samu kwat ɗin nan ko kafil ɗinsa, wato ubangidansa, sai ya gaishe shi. Ina ta cewa ai ba komai ba ne, alhali raina fes.

Malam kuwa ya wanke hannu, ya ɗauki hotunan yana bi ɗaya bayan ɗaya. Ya san saƙon Baba, don a gabansa na yi wayar.

"Injiniya," ya ce, "tsohon nan naka ya mance kamanninka ne?"

"Kamar yaya, Malam?"

"Na ga kai ne a nan, kai ne a nan, nan ma kai ne. Gidan da aka aike ka fa?"

Na karɓa da sauri, har da ɗan fushi, don in nuna masa. Sai na rasa abin nunawa. A kowane hoto ni ne a tsakiya, daga gwiwa zuwa hula, na cika wuri dam. Ginin yana bayana, taga ɗaya ta leƙo ta kafaɗata, rabin rufi a saman kaina. Mai lafiyayyen ido ma sai ya yi da gaske, balle Baba. Mu haka muka tashi muka gani: in ka je wuri ba ka fito a hoto ba, to ba ka je ba. Ban taɓa tunanin ana ɗaukar gini shi kaɗai ba, ko sau ɗaya.

Kunya ta kama ni. Jamus dai ba Sanaiya ba ce da zan ce gobe in koma. Kuma a makon mai zuwa ɗaya daga cikin direbobin zai tafi hutu gida, shi zai kai saƙon.

Washegari na koma wurin Ba'indiyen na tambaye shi ko fim ɗin duka ya wanke. Ya ce akwai kaɗan da suka lalace, bai ga amfanin ɓata takarda ba. Na ce ya fito da su. Biyu sun yi duhu, ɗaya yatsan wani ne. Na ƙarshen kuwa na tuna shi sarai: wata tsohuwa ce mai kare na ba kyamarar a Quedlinburg, hannunta na rawa, har na ji haushinta a lokacin. Ta ɗaga kyamarar ta kauce. Ni babu abin da ya fito nawa sai kunne ɗaya da hannuna dafe da ginshiƙi. Sauran duk gida ne, daga ƙofa har rufi, kowane katako a fili.

"Wannan nake so," na ce. "Ka yi shi babba, iya girman da injinka zai iya."

Ya dube ni, ya dubi kunnen, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan.

Na naɗe shi cikin kwali na ba direban. Sauran hotunan ma na haɗa da su, don Inna da ƙannena, kuma na ji labarin sun zagaya unguwa yadda ya kamata.

Bayan kwana goma na kira gida da hantsi. Aka kai wa Baba wayar. Ya ce ya sa an fito masa da tabarma tsakar gida inda rana ta fi haske, hoton na kan cinyarsa tun safe. Muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake kan gini yana ba da umarni. Ya ce mutanen nan sun san aiki. Ya ce kowane hawa ya ɗan fi na ƙasansa fitowa waje, don ruwan sama kada ya ci bangon, dabarar da shi ma yake yi da indararo. Ina ta "haka ne, Baba," ina jin daɗi kamar ni na gina.

Sai ya ce, "To inda wannan na giciye ya shiga na tsaye, da me suka riƙe shi? Ƙusa ce?"

Ni da nake kwance inji in ɗaure shi ba tare da noti ɗaya ya yi saura ba.

"Ban duba ba, Baba."

"Ba hannunka ne wannan a kai ba?"

"Nawa ne."

Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. Na ji ƙarar takardar yana matso da ita kusa da fuskarsa.

"To ba ƙusa ba ce," in ji shi. "Turke ne na itace, guda biyu. Ga su nan dab da babban yatsanka."