Dutsen da Muka Fasa a Kabara

A lungunmu na Kabara ba a jan ruwa a rijiyar Inna a yi shiru. Kana sakin guga za ka ce, "Allah ya jiƙan mai rijiya." Marigayi mijinta ne ya tona ta sadaka a soron gidansu, jikin katangarmu, bai kuma bar ɗa ko jika ba. Inna na zaune kan tabarma daga ciki, in ta ji ka ja ba ka faɗa ba sai ta yi gyaran murya.

Ni dai bayana ya gaji da guga. Ga koyarwa a makaranta, ga wanki, na matsa wa maigidana sai an yi mana burtsatse. Ya ce gidajen cikin gari a manne suke, a bi a hankali. Na ce wanda bai taɓa ɗaukar bokiti ba ai dole ya iya haƙuri.

Masu haƙar suka tarar da dutse, ruwan kuma ɗan tsiyaye. Shugabansu ya ce akwai dabara, za su tura ruwa da ƙarfin inji har dutsen ya tsattsage, jijiyoyin ruwa su buɗe. Wai haka Turawa ke yi su ciro iskar gas. Maigida ya tambaya ina tsagar za ta tsaya. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wa ya taɓa shiga ƙasa ya gani?" Na ce a yi.

Ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya. Har guɗa na yi, don Allah ji rashin kunya.

Kafin damina ta fita rijiyar Inna ta fara wari. Tsofaffin masai ne birjik a ƙarƙashin gidajen nan, kowa ya sani. Ba wanda ya ce mu ne, mai haƙar ma cewa ya yi ikon Allah. Amma ni tun daga ranar ban ƙara buɗe famfo da daɗin rai ba. Dattawan lungu suka sa aka rufe bakin rijiyar da siminti, mu kuma muka fito da kan famfo ƙofar gida, kowa ya ɗiba kyauta. Sai godiya ake mana, godiyar tana ƙona ni.

Wata safiya na tarar da Inna a layi da ɗan bokitinta. Na karɓa na cika, na ce zan riƙa kai mata har ɗaki. Ta sa mini albarka, sannan ta tsaya tana sauraron matan da ke mini godiya suna cewa Allah ya saka wa Malama.

"Ruwa dai ga shi, 'yar nan," ta ce. "Amma tun da aka rufe, ban ji wanda ya ce Allah ya jiƙansa ba."