'Yan Wasan Baba Rabo Mai Dabino

Baba Rabo mai dabino a unguwar Anbariyya bai taɓa leƙa filin ƙwallo ba, amma babu kocin da ya tsira daga bakinsa. Duk ranar da ƙungiyar garin ta sha kashi, sai ya kashe rediyo, ya jera dabino goma sha ɗaya a faifai, ya ƙwala wa maƙwabcinsa Jumare tela kira.

"Ya akhi, da ni ne mudarrib, wato kocinsu, wallahi yau zan sayar da ɗan bayan nan!" Sai ya ɗauki dabinon da ke matsayin ɗan bayan ya jefa shi baki.

Kafin magariba ya sayar da goma. Gola kaɗai yake bari, yana ta yabon amanarsa. Jumare dai ya san dalili: busasshe ne, Baba Rabo kuwa haƙora huɗu suka rage masa.