Zanar Malam Riskuwa da Ta Yi Baƙi

Na san Malam Riskuwa a 1992, ina akawu a wata makarantar koyon sana'a a Birnin Kebbi, shi kuma yana kula da ɗakin gwaje-gwaje. Mutumin Argungu ne, ɗan masunta. Gobara ta taɓa cinye rumbun shinkafar yayarsa Laure a Zauro, tun daga nan ba shi da zance sai na wuta.

Da aka raba kaya tsakanin Sakkwato da sabuwar jihar Kebbi, makarantarmu ta samu buhu biyu na wani farin gari, boraks. Ba wanda ya neme shi. Riskuwa ya riƙa dafa shi da ƙaro da gam har ya yi kauri, ya shafa wa zana, ya shanya. Ya ce sinadarin boron da ke ciki yana ɗaure danƙon, in wuta ta zo sai ya zama ɓawo ya tare ta. Na rubuta yadda ya faɗa, ban gane ba.

Shugaban makaranta yana son ɗakin don ajiye kujeru. Ya ce a gwada gaban kwamiti, in zanar ta ƙone Riskuwa ya kwashe tukwanensa. Aka ba ni takarda mai gida biyu: "ta ƙone" da "ba ta ƙone ba".

Ranar Talata, goma da kwata, aka cinna wa zana biyu wuta. Wadda ba a shafa ba ta zama toka cikin minti ɗaya da rabi. Ta Riskuwa ta yi hayaƙi, ta kumbura, ta yi baƙi ƙirin, amma harshen wuta bai tashi ba.

"To, ta ƙone," in ji shugaba.

"Ranka shi daɗe, tana tsaye hwa," in ji Riskuwa.

"Da baƙin nan? Malam akawu, mi kag gani?"

Na kankare ta da farce, sai ga ciyawar fes a ciki, yatsana kuma duk gawayi. Na roƙi a ƙara gida na uku, aka ce takardar daga ma'aikata ta zo, ba a taɓa ta. Na bar gidajen biyu ba komai, na yi bayani layi tara a baya.

Ba wanda ya juya takardar. Ranar Alhamis aka shigo da kujeru. Riskuwa ya ɗaure tukwanensa a bayan keke, ya tsaya bakin tagata.

"Malam, kai a ganinka ta ƙone?"

Na ce masa ina dai dubawa tukuna.